Ranar da Mu'allim Iskandar Ya Zauna

Wadi'a ta zuba giyar a ƙaramin kofi, ta bi ta da ruwa ninki biyu, ta riƙe ƙugu tana jira ta yi fari. Shiru. Ta jijjiga kofin, ta ɗaga shi saitin taga. Garau yake kamar ruwan famfo.

"Ka gani ko, Mu'allim? An cuce mu. Wallahi jabu Abu Ili ya sayar mini."

Mu'allim Iskandar yana jingine a kan matasai uku. Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har sai da ta ajiye kofin ta zo tana bubbuga masa baya.

"Haba Imm Ziyad," ya ce da ya sami numfashi. "Arak kika ɗauka? Giyar Turawa ce da ake kira jin, ba ta fari. Kin kashe mini ita da ruwa kuma kina zagin bawan Allah."

Ba laifinta ba ne. A gidan ubanta a kan dutse, da gidan mijinta a nan unguwar Ashrafiyye, arak kawai ta sani: a zuba, a bi da ruwa, ya koma kamar madara, sannan a jefa ƙanƙara. Ita kanta in ban da kurɓi ɗaya ranar Ista ba ta sha.

Shekara talatin ƙofarta na kallon tasa a hawa na uku. Shi kuwa shekara arba'in da biyar ya yi a bayan kantar mashayar wani otal da ke bakin teku, da yaƙi da zaman lafiya. Bai yi aure ba. Yanzu ya haura tamanin, zuciya ta gaji, hannun da ya yi suna a Bairut ko cokalin miya ba ya iya kaiwa baki. Likita ya sallamo shi gida, kowa kuma ya san ma'anar irin wannan sallama. Terez, 'yar ƙanwarsa, ita ke jinyarsa. Wadi'a kuwa, tun da mijinta ya rasu, ɗanta Ziyad, wanda saboda shi ake ce mata Imm Ziyad, ya tafi Kanada, ba ta zuwa ko'ina sai coci, sai ƙofar nan ta Mu'allim da kwanon miyar ƙananan waken nan, adas.

Ranar Litinin ne ya riƙe mata hannun riga.

"Imm Ziyad, shekara arba'in da biyar ina tsaye. 'Yan kasuwa, 'yan jarida, matuƙan jirgin sama, kowa ya zauna na haɗa masa martini, na ajiye a gabansa na ce, ga shi, ranka ya daɗe. Ni ban taɓa zama wani ya ajiye mini ba. A bakin cokali nake ɗanɗanawa, a tsaye. Sau ɗaya nake so in zauna kafin in tafi."

"Bari a kira wani daga mashayar ƙasan layi mana."

"Yaran nan masu jijjiga kofi kamar an jona musu wuta? A'a. Ke nake so. Na ga yadda kike naɗe shinkafa a ganyen inabi, kina da hannu."

Shi ya sa yau Talata take tsaye da kofin da ya ƙi fari.

Ya ce ta miƙo masa kwalbar. Jaja-jaja ce, da zanen furanni a jiki. Ya sunsuna bakinta ya yamutse fuska.

"Wa ya zaɓa?"

"Ni. Ta fi kyau a kan kanta."

"Turaren amarya kika sayo mini. Ba a zaɓen giyar jin da ido. Ki ɗiga a tafin hannu, ki murza har ya bushe, ki rufe hanci da hannuwan. In kin ji fure ko alawa, ki ajiye. In kin ji daji bayan an ɗauke ruwan sama, ita ce."

Washegari da hantsi ta koma kantin Abu Ili da ke bakin layi. Mutum ne mai tumbi da bakin tsiya, tun suna matasa yake tsokanarta.

"A'a, ga sabuwar mashayiya! Har kin shanye ta jiya?"

"Rufe mini baki, tsohon banza. Buɗe mini waɗancan."

"A buɗe? Nan kantin turare ne?"

"Ta Mu'allim ce."

Abu Ili ya daina dariya. Ya shiga ciki ya fito da kwalabe huɗu nasa na kansa, buɗaɗɗu, ya jera. Ta ɗiga ta farko ta murza: lemo. Ta biyu ta ƙona mata hanci kamar maganin asibiti. Ta uku ba laifi, 'yar Ingila ce, Abu Ili ya ce irinta Mu'allim ya yi aiki da ita duk rayuwarsa. Ta goge hannu a gefen siket, ta ɗiga ta huɗu, ta rufe fuska.

Sai ga ta a ƙauyensu. Ƙanshin lizzab ne, itacen nan mai ganye kamar allura da ke bayan gidan kakarta, inda uwarta ke shanya. Shekara nawa rabonta da shi? Hawaye ya zo mata ba shiri, ta ji kunya ta juya baya.

"Wannan daga ina?"

"Wasu yara ne ke yinta a kan dutse. Amma ina gaya miki, Mu'allim zai koro ki. In ba 'yar Ingila ba ce, ba ya ko kallo."

"Daji ya ce mini, bai ce Ingila ba. Naɗe mini ita."

Saura ƙanƙara, ita ce kuma babbar rigima. Wutar gwamnati awa biyu take zuwa, ta janareton unguwa kuwa ba ta iya ɗaukar firij ɗin Wadi'a yadda ya kamata. Ƙanƙararta fara ce, ruɓus-ruɓus, tana shiga kofi ta narke. Mu'allim ya ce sai mai tauri wadda ake hango yatsa ta cikinta. Ta tafasa ruwa sau biyu, ta zuba a tiren gasa kibbe, wainar nan ta dakakken nama da alkama, ta sauka da shi hawa uku tana taka-tsantsan, Abu Ili ya kwashe kajin da ke cikin babban firij ɗinsa ya ba tiren wuri.

A matakala ta yi kiciɓis da Terez, ɗauke da ledar magani. Matar ta rame, idanunta sun faɗa.

"Tanti, me nake gani a jakarki? Likita ya ce ko ɗigo kada ya sha."

"Likitan ya ce in bai sha ba zai tashi?"

Terez ta jingina da bango.

"Kwana nawa ya ce miki, 'yata?"

"Mako. Ƙila bai kai ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ni dai kada a ce da hannuna."

"Ba da hannunki ba ne, da nawa ne. In da zunubi na ɗauka, Fadan cocinmu ya saba jin nawa."

Daga nan aka shiga makaranta. Ta juye kwalbar dutsen a wata tsohuwar kwalba mara suna don kada Mu'allim ya gani ya yi gardama, ta ɓoye ta a ɗakinta. Da jar kwalbar take koyo, abin da ta haɗa kuma ta zubar a tukunyar fure. Awo biyar na giyar jin, ɗaya na barmut, wato farar giyar inabi mai ɗacin ganye da ya ajiye a ƙasan kabad. A cika babban kofi da ƙanƙara, a juya da dogon cokalinsa na azurfa sau arba'in, a tace a kofin da aka sanyaya. Sannan a yanko ɓawon lemon tsami siriri, a murɗa shi a saman kofin har mansa ya fesu.

Ido a rufe yake koyar da ita, da kunne.

"Ina jin ƙarar cokali, Imm Ziyad. Ba miyar adas kike juyawa ba."

"Kai jama'a! Cokali a cikin gilashi ya ƙi ƙara?"

"Manna bayansa a jikin kofin, ki bar yatsu su yi aikin. Sannu ba ta hana zuwa."

Ranar Alhamis ya ce da sauƙi. Ranar Juma'a bai ce komai ba, don bai farka sosai ba. Fada ya zo ya shafa masa mai, ya yi addu'a ya tafi. Wadi'a ta koma ɗakinta ta zauna gaban kwalbar, tsoro ya kama ta sosai. Ta tsaya gyaran hannu, ga shi mutumin zai tafi a tsaye kamar yadda ya rayu. Ta yi ta juya ruwa da cokali a kofi har yatsunta suka sage.

Ranar Asabar da la'asar Terez ta ƙwanƙwasa da ƙarfi.

"Tanti, ya farka. Wai a ɗaura masa nakatayi."

Wadi'a ta leƙa ta baranda ta ƙwala wa Abu Ili kira. Ya rufe kanti ya hau da tiren a ka, yana haki yana tsine wa wanda ya gina bene ba na'urar hawa. Shi da Terez suka ɗauki Mu'allim, ba nauyi, suka zaunar da shi a kujerar baranda mai hannu, suka jawo ƙaramin tebur gabansa. An sa masa baƙar kwat da ta yi masa yawa, an taje masa gashi. Ya nuna ƙugiyar bayan ƙofa inda farar rigar aikinsa take rataye.

"Ba a yi wa baƙo hidima da rigar girki."

Ta saka, ta naɗe hannuwan sau uku. Abu Ili ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi, ya haɗiye.

Ta fasa ƙanƙarar da taɓaryar turmin kibbe. Ta fito garau, sai ka rantse gilashi ne. Ta auna, ta zuba, ta manna bayan cokali. Ta shiga juyawa. Ba abin da ake ji sai ƙanƙara na zagaya kofi a hankali, da mai sayar da gas yana buga tukunyarsa a ƙasan layi. Ta tace. Ta ɗauko lemon da ta tsinko a bishiyar da ta shuka cikin tukunya a barandarta, ta yanki ɓawo, ta murɗa. Ta ɗora kofin a kan ƙaramin farin ƙyalle, ta ajiye a gabansa.

"Ga shi, ranka ya daɗe."

Bai taɓa ba tukuna. Ya daɗe yana kallon raɓar da ke tsattsafowa a jikin kofin. Terez ta tallafa masa hannu, ya kai hanci. Girarsa ta ɗaga.

"Wace 'yar Ingila ce wannan? Ban san ta ba."

"'Yar dutsenmu ce."

Abu Ili ya ja da baya, wai kada a fasa kofi a kansa. Mu'allim ya sake sunsunawa, ya kurɓa kaɗan, ya riƙe a baki kafin ya haɗiye.

"Lizzab," ya ce a hankali. "Kai! Ashe muna da abinmu." Ya dube ta. "Amma talatin da takwas kika juya."

"Arba'in cif!"

"Na ƙirga."

"To tashi ka yi da kanka."

"Ni baƙo ne yau, ƙorafi aikina ne." Ya yi murmushi har dasashi. "Ya yi, Imm Ziyad. Wallahi ya yi."

Kurɓi uku ya yi duka-duka. Amma ya zauna har rana ta faɗa bayan gine-gine, hannu ɗaya a kan tebur kusa da kofin, ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Ya ba su labarin wani matuƙin jirgi da ke zuwa da zaitun ɗinsa a aljihu don a jefa masa a martini, suka yi ta dariya, har Terez. Can ya jingina kai ya ce, "Ashe haka suke ji."

Ranar Litinin da safe ya cika, ana kaɗa ƙararrawar coci. Aka yi zaman makoki kwana uku a zauren cocin, aka sha gahawa mai ɗaci. Wadi'a ta yi kuka sosai, amma ba irin kukan da ta yi wa mijinta ba, wannan bai bar mata dutse a ƙirji ba.

Asabar ta zagayo. Tun safe take jin Terez a ɗakin marigayin tana jan akwati, tana naɗe barguna. Da la'asar matar ta ƙwanƙwasa, gumi a goshi, ta miƙo dogon cokalin a naɗe cikin farar rigar.

"Ya ce naki ne. Bari in koma, ban gama ba."

Wadi'a ta dubi ƙafafun Terez da suka kumbura. Wata takwas yarinyar nan tana tsaye a kan mutum.

"Shigo. Wuce baranda ki zauna."

"Tanti, ni ban iya shan..."

"Na ce ki zauna."

Ta leƙa ta kira Abu Ili ya hau da sauran ƙanƙarar. Daga ƙasa ya ɗaga murya yana tambaya ko shi ma da kujerarsa, ta ce in ya zo da gyaɗa. Ta fito da kofuna uku, ta tsaya tana kallonsu, sannan ta jawo kujera ta uku ta ajiye wa kanta kusa da tukunyar lemon.

Ta bar ƙofarta a buɗe. A kan faranti lemon ranar nan yana nan, da farin layi ɗaya a gefensa inda aka yanki ɓawo. Ta juya shi, ta sa wuƙa a ɗaya gefen.