Ranar da Lawwali Ya Rage wa Malam Wada Hanya

Samarin yanzu ba sa sayen abin hawa don ya kai su wuri, sai don a ji ƙararsa. Lawwali ɗan garin Kurawa yana cikinsu. Da kaka ta yi kyau, sai ya tafi Sakkwato wurin wani dillali, Kamaluddeen, ya ce mashin ɗin tsere yake so, irin wanda mai shi ke kifewa a kan tanki kamar mai ciwon ciki.

Aka nuna masa baƙi mai faffaɗar kujera da tayoyin da ke cin yashi, aka nuna masa ja, aka nuna masa kore.

"Wanne ya fi kuka?" in ji Lawwali.

"Koren. Amma na kwalta ne, kuma kujerar bayansa ba ta kai faifai ba."

"Ni ba kabu-kabu za ni yi ba. Shi nika so."

Ya kawo shi gida, kullum yana kan kwaltar hanyar garin Isa yana koyon gudu da shan kwana. Tashi a hankali da mutum a baya kuwa bai taɓa gwadawa ba, don wannan ba ya tara 'yan kallo.

A lokacin yana neman auren Hadiyya, 'yar Malam Wada. Magabatansa sun je, dattijon ya ce a ba shi lokaci ya ga hankalin yaron. Ranar kasuwar Sabon Birni sai ga Malam Wada a bakin hanya yana jiran mota. Lawwali ya tsaya, ya sauka, ya durƙusa.

"Baba, in kun yarda, in rage muku hanya."

Malam Wada ya zagaya mashin ɗin. "Wanga abu, ina ake zama?"

Aka nuna masa. Ya tattara babbar rigarsa ya hau da ƙyar, ya yi tsororo a sama.

"To, mi za ni riƙe?"

A irin wannan mashin, na baya ƙugun na gaba yake riƙewa, kuma Lawwali ya sani sarai. Amma wane mai neman aure ne zai ce wa suruki ya rungume shi?

"Ba komai, Baba, sannu za mu tai."

Ya matsa gaba don kada bayansa ya taɓa rigar dattijo, ya karkatar da maduban ƙasa don kada su haɗa ido. Sannan ya murɗa totur ya saki kulochi yadda ya saba. Mashin ya zabura. Malam Wada ya sauka rigingine a yashi, hularsa ta gangara gona.

Mutane suka yi ta ihu, Lawwali ya ɗauka kirari ne. Ya ji mashin ya yi sakayau, ya ce a ransa lallai hannunsa ya faɗa. Bai waiwaya ba, saboda kunya.

A bakin kasuwa ya tsaya, ya sunkuyar da kai. "Baba, mun iso. Allah shi sa ba ku wahala ba."

Wani mai rake ya leƙa bayansa. "Kai, da wa kaka magana? Ko aljani ka ɗauko?"

Lawwali ya juya da gudu. A rabin hanya ya gamu da Malam Wada a bayan tsohon mashin ɗin Alhassan, maƙwabcin dattijon, ya riƙe kafaɗar Alhassan gam, rigarsa duk yashi. Lawwali ya zube a ƙasa.

"Baba, wallahi kunyarku ta hana ni dubawa."

"Na ga kunyar," in ji Malam Wada. "Har yanzu ina jin ta a ƙuguna. Kai da ka yar da ƙaton mutum kamata ba ka sani ba, Hadiyya da ba ta kai ni nauyi ba sai a Nijar za ka tuna da ita. Ka ce wa magabatanka na gama shawara, kada su sake wahalar zuwa. Alhassan, mu tai, kasuwa na watsewa."