Ƙishin Ciyawa

Autan mai gida ne ya binne kunnuwa a cikin ciyawa.

Ba kunnuwan gaske ba. Ƙarafa ne masu baki biyu, tsawon tafin hannu. Shi ya ce na'urar jin damshin ƙasa ce. Ni na ce kunnuwa, sunan kuma ya bi su.

"Baba, ka huta," in ji shi, yana karkaɗe gwiwar wandonsa. "In ƙasa ta bushe, su za su ji, su buɗe ruwa. In ta ƙoshi, su rufe. Ko ɗigo ba zai tafi a banza ba."

Tun yana rarrafe a kan ciyawar nan nake ba ta ruwa. Na naɗe tiyo, na rataye a ɗakin ajiya. Aka bar mini almakashi da manjagara.

A banza. Kalmar ce ta tsaya mini a rai.

A gindin katangar baya akwai rariya. Da, in na saki tiyo da safe, abin da ciyawa ta rage sai ya gangara ya fita ta nan. Bayan katangar kuwa unguwarmu ce. Tun da manyan gidaje suka haƙa burtsatse masu zurfi rijiyoyinmu suka ƙafe. Famfon kan layi sai tari yake, ba ya tofar da komai. Mata suka yi ɗan rami a bakin rariyar suna tara baho. Su bar ruwan ya kwanta, su yi wanki, su yi wa yara wanka. Matata na cikinsu. Ba sata ba ce. Ragowar ciyawa ce.

* * *

Kunnuwa sun iya aikinsu, ba zan ci musu haƙƙi ba.

Ina zaune a inuwa sai in ji wani ɗan huci a ƙarƙashin ƙasa. Sai ƙananan kawuna baƙaƙe su ɓullo daga cikin ciyawa, su fara juyi suna fesa ruwa siriri kamar hayaƙi. Rana ta ratsa shi, bakan gizo ya tsaya a tsakar gida, ƙafarsa ɗaya a kan fure, ɗaya a kan mota. Tsuntsaye su sauko. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, irin na ruwan farko, alhali sama tas take. Ba da jimawa ba kawunan su koma ƙasa, kamar ba su taɓa fitowa ba.

Rariya ta bushe. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta.

Matata ta koma ɗauko ruwa daga can ƙasan gada. Tsohuwa ce, gwiwarta ta dama ta daɗe da ƙin ta. Takan dawo da rabin jarka, don cikakkiya ta fi ƙarfinta.

"Malam," ta ce, tana murza gwiwar, "wai ciyawa magana take yi musu?"

"Ba ta magana. Ji suke yi."

"Tun kafin ta roƙa?"

"Tun kafin."

Ta yi dariya har da tari. "Ciyawa ta yi dace da miji. Ka samo mini kunne ɗaya mana, in dasa a randata."

"Ba abin wasa ba ne."

"Na ga alama. Ai kai ma tun da aka karɓe maka tiyo ka zama gwauro."

Ban yi dariya ba. Ta miƙo mini kofi, ruwan iya rabi. Ita ba ta sha ba.

* * *

Wata azahar barci ya sace ni a jikin bishiya. Na ga unguwarmu an shimfiɗa ta kore shar. Mutane a tsaye cikin ƙasa zuwa idon sawu, kowa da kunne a gindinsa. Wanda ƙishi ya kama, sai gajimare ɗan ƙarami ya zo ya tsaya a kansa. Matata na tsakiya, yarinya kamar ranar da aka kawo ta, ruwa na sauka a kan ɗankwalinta, tana tsaye a kan ƙafa biyu.

Ƙarar ruwa ce ta tashe ni.

Ashe tun da safe manjagara ta tumɓuke kunne ɗaya ban lura ba. Yana kwance a kan dutsen hanya, rana na gasa shi. Kunnen da ke kan dutse ba abin da yake ji sai fari. Kawuna suka yi ta juyi, suka ƙi komawa. Ciyawa ta sha ta ƙoshi, ragowar ta kama tsohuwar hanyarta, ta wanke saƙar gizo.

Bayan katanga na ji baho ya bugi baho. Wata ta ce, "Iya, matso da naki, kin riga ni." Na ji muryar matata tana cewa a bi a hankali kada a dama ruwan.

Na ɗauki kunnen. Yana da zafi a hannuna. Na dubi raminsa a cikin ciyawa.

Na mai da shi kan dutse.

Washegari ma haka. Da hantsi in ɗora shi a kan dutse, in na ji baho sun yi shiru in mai da shi ƙasa.

* * *

Ashe kunnuwa suna da baki. Wayar Auta suke gaya wa komai.

Ya zo da kansa, direba na biye da shi da buhun siminti a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba. Yaro ne mai ladabi.

"Baba, na san kai ne. Ban gaya wa kowa ba."

"Ni ne."

"Tanki na ƙarewa, ciyawar gefen can ta fara ruɓewa. Duniya ƙarancin ruwa take ciki, Baba. Dole a yi tattali."

"Na ji labari."

"An ce kuma mata na taruwa a bayan katanga, suna hana mai gida barcin rana." Ya sa direba ya sauke buhun kusa da rariya. "Ka toshe ta, magana ta wuce. Aikinka na nan. In ba haka ba, ban san abin da zan gaya masa ba."

Ya miƙo mini cokalin gini.

A daidai nan ƙasa ta yi hucinta. Kawuna suka ɓullo, bakan gizo ya tsaya a tsakaninmu. Ta cikin rariya na hango gefen wani baho shuɗi, na matata, wanda na ɗaure tsagarsa da waya. Babu komai a ciki. An dai ajiye shi.

Na mai da hannuwana baya.

"Baba?"

"Ba zan toshe ba."