Maganar Maccido a Majalisa

Maccido makiyayi ne daga Kebbe, bai taɓa shiga majalisar dokokin jiha ba sai ranar da ƙanensa Rufa'i ya kai shi kallon zama kan dokar burtali. Suna zaune a sama sai ya ji ana karanta maganar da ya yi bara a taron jin ra'ayin jama'a a Tambuwal, cewa kada a nome hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. 'Yan majalisa suka amince, kakaki ya buga guduma.

Maccido ya raɗa wa Rufa'i, "Ashe sun rubuta abin da nic ce?"

"Sun rubuta, Yaya. Saura gwamna shi sa hannu."

Har aka watse Maccido na zaune yana kallon kujerar kakaki.