Jakar Gudun Haris

Ni dai tun farko ban so tafiyar nan ba. Ɗan 'yan kasuwa, jikan 'yan kasuwa, wai zai haye jirgi har Indiya ya koyo noma! Na ce, "Haris, in fartanya kake so, ga ta nan a kasuwar Kokoro." Uban ya ce in bar shi, gurbin karatu ne ya samu. To, na bar shi, amma sai da na haɗa masa jakar gudu.

Duk gidan da ya ga rikicin unguwarmu ta Kilomita Biyar yana da irinta a bayan ƙofa: bargo, tocila, ƙuli-ƙuli, dabino. Na ce masa, "Auta, ko a ina kake, ka ga an tare hanya, kada ka tsaya tambaya. Ɗauki jakarka ka bi bayan gidaje."

Ranar wata Talata ina shagona na albasa a titin Koudoukou, sai ga yayarsa Jannat ta sauko daga taksi-moto, ko kuɗin mai babur ba ta tsaya ba shi ba. Ta miƙo mini waya, ta nuna mini bidiyo. Innalillahi! Babban titi an gicciye shi da taraktoci, hayaƙi na tashi, 'yan sanda sun jeru da garkuwa, tsofaffi masu rawani suna ihu. Jannat ta ce yankin da aka tura Haris aikin gona ne.

Muka kira, shiru. Muka sake, shiru. Kwana da kwanaki wayar yaron ba ta shiga. Na rufe shago, na daina cin abinci. Uban ya ce, "Hureira, manoma ne fa suke neman a tsayar musu da farashin amfanin gona." Na ce, "Alhaji, rufa mini asiri! Mu ma da aka tare mana hanya, farashi aka nema? Gawa muka kwasa." Tsoro nake ji, wallahi, irin wanda na zaci na gama da shi.

Ran Juma'a da hantsi wayar ta yi ƙara. Na danna, sai ga fuskar ɗan banzan nan, baki cike da abinci, kumatu sun fito.

"Inna, lafiya? An katse mana intanet ne, yau aka dawo da shi."

"Lafiyar uwarka! Kana ina?"

"Kan titin."

"Kan titin? Ba na ce ka gudu ba?"

Ya yi dariya ya juya wayar. Na ga tukwane manya kamar na biki, mata na murza gurasa, mutane zaune a layi ana zuba musu wake. Ya ce manomin da yake aiki a gonarsa ne ya taho da shi. Taki ya yi tsada, ruwan rijiyoyinsu na ja da baya, ga bashi, shi ne suka fito. Amma duk wanda ya biyo ta wajen sai ya ci ya ƙoshi, ba a tambayar addininsa.

Na zauna a ƙasa. Kuka nake, dariya nake, Jannat na yi mini fifita.

"To ina jakar?" na ce.

Ya matsar da wayar kan wani tsoho mai farin gemu, tafin hannunsa duk kanta. A kafaɗarsa ga bargona, mai ratsin kore, wanda na lulluɓe 'ya'yana da shi lokacin da muka kwana a harabar masallaci harsashi na wucewa ta sama.

"Sanyi ake yi sosai, Inna, shi ne na ba shi. Ƙuli-ƙulin kuma sun cinye. Ya ce in tambaye ki, ko akwai saura?"

Na share hawaye da bakin mayafi. Na ce, "Gaya masa gobe zan soya. Bargon kuma ya riƙe."