Motar da Ba Ta Ƙara

Mutumin kamfani ya tura ƙofar motar da yatsa ɗaya, ta ja kanta ta rufe, ya juyo ya dubi direbobin Hukumar Ruwa da suka kewaye shi a ƙarƙashin rumfa yana jiran yabo. Lamba Ɗaya, direban Darakta, wanda shi za a damƙa wa motar, ya matso gaba ya kafa wa leɓen mutumin ido.

Mutumin ya ce motoci uku kamfaninsu yake ƙerawa a wannan jerin. Akwai ƙaramar, ta wanda yake so a san ya fara samu. Akwai ta tsakiya, ta wanda ya samu amma har yanzu shi ke tuƙa kansa. Sai wannan, babbar yayarsu, wadda ba don mai tuƙi aka yi ta ba, don na zaune a baya aka yi ta. Kujerar bayan tana kwanciya, tana kuma yi wa mutum tausa. Gilashinta ninki biyu ne. In ta faɗa rami, ramin ne zai ji a jikinsa. Amma abin da ya ɗora ta a kan ƙannenta, in ji shi, shi ne shiru. In an rufe ƙofa, ko gini ake rushewa a gefe, na baya zai yi raɗa na gaba ya ji shi.

Wannan jimlar ta ƙarshe Lamba Ɗaya ya karanta ta tsaf a leɓen mutumin.

Shekara biyu ke nan kunnuwansa suna rufewa a hankali, kuma babu wanda ya sani a ma'aikatar. Direbobi dama da ihu suke hira. Tsohuwar motar Darakta kuwa ta rufa masa asiri. Salansarta a fashe take, na'urar sanyaya ta tana gurnani, don haka in Darakta zai yi magana sai ya sunkuyo gaba ya kwarara masa a kunne. Haka suka yi ta zama lafiya.

A ƙarƙashin rumfar nan motoci a jere suke, kuma jerin ba wasa ba ne. Ta Darakta ce a farko, sai ta mataimakinsa, sai ta shugabannin sassa, sai bas ɗin ma'aikata, sai a-kori-kura ta masu gyaran bututu wadda ta kwana biyu a kan bulo babu taya. A can ƙarshe, inda rumfa ta ƙare rana ta fara, tankar ruwa take. Matsayin direba shi ne matsayin motarsa. Da wannan jerin ake gaisuwa da safe, da shi mai shayi yake raba kofuna. Lamba Ɗaya daga tanka ya fara, shekara ashirin da shida ya yi yana matsowa mota bayan mota har ya iso inuwa. Saura wata takwas ya yi ritaya. Direban da aka gane ba ya ji kuwa ba baya ake mayar da shi ba, gida ake tura shi da takardar likita.

Aka miƙa masa mukullin, wanda ba shi da ramin da za a zura shi. Ya shiga ya danna maɓalli, ya jira ya ji sitiyari ya yi rawa a tafinsa kamar yadda ya saba. Babu abin da ya motsa. Ya sake dannawa, ya sake jira. Sai da Mai Tanka, abokin wasansa, ya buga rufin motar da tafi ya leƙo ta taga.

“Tsoho, kunna ta ka yi ka kashe, ka kunna ka kashe. Ko ka sauko in hau, ka koma gidanka na asali?”

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce amarya ce, yana jarraba haƙurinta ne.

Mutum ɗaya ce ta san halin da yake ciki, babbar 'yarsa, malamar makaranta. Ita ba ta yi masa magana sai ta tsaya a gabansa. Ta sha cewa ya je asibiti a duba shi, akwai abin da ake maƙalawa a kunne, shi kuma ya sha cewa bayan ritaya, don ba a ganin direban Darakta da waya a kunne. Ita ce kuma ta rubuta takardar koke a kan famfon unguwarsu, wanda ya yi wata bakwai bai ɗiga ba. Ta bi gida gida aka sa hannu, ta ba shi ya kai. Ya ajiye takardar mako uku a aljihun tsohuwar mota, saboda direba ba ya miƙa wa maigidansa koke. Da ta gane, ba ta ɗaga murya ba, ta tsaya dai a gabansa.

“Baba, kai kake ɗaukar mutumin da ke riƙe da ruwan garin nan kullum. Mama kuma tana ɗaukar jarka.”

Washegari ya lallaɓa ya ba Sakatariyar Darakta takardar, ya roƙe ta kada ta ce daga wurinsa ta fito.

Ranar da aka kawo sabuwar motar, ƙarfe goma Darakta ya sauko. Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa fatar kujera, ya shiga ya nutse. Lamba Ɗaya ya gyara madubi, ba don ya ga hanya ba, don ya ga bakin maigidansa. Tafiyar safe ba ta ba shi wahala ba, don tun jiya aka rubuta a allo cewa akwai taro a otal a kan ƙarancin ruwa. Hukumar tana yin irin wannan taron duk wata, kuma ba a taɓa rasa ruwan gora a kan tebur ba. Motar ta bi titi kamar ana jan ta a kan mai. Masu babur suna buɗe baki a gefen gilashi suna rufewa, ba a jin abin da suke faɗa. A ransa ya yarda mutumin kamfani bai yi ƙarya ba.

Da azahar aka fito daga taron. Darakta ya shiga da tarin takardu, ya ɗauki ta sama yana karantawa. Ya yi waya. Sannan ya ɗago, yana kishingiɗe, leɓensa suka fara motsi a madubi. Sun daɗe suna motsi. Lamba Ɗaya ya ƙura ido, amma mutum a kwance da haɓarsa a kan ƙirji ba a karanta bakinsa. Ya ga kamar ya ce gida. Ya yi lissafi: yau Laraba, bayan taro gida ake zuwa a ci abinci a huta, shekara huɗu ba a taɓa saɓawa ba.

“To, yallaɓai,” ya ce.

Kafin shataletale na biyu kujerar ta fara aikinta, Darakta ya yi barci da takardar a kan cikinsa. A ƙofar gidansa ya farka. Ya dubi ƙofar, ya dubi agogo kamar mai son tuna wani abu, sannan ya ɗaga kafaɗa ya shige ciki.

Sai bayan ƙarfe uku, da ya mayar da shi ofis, Sakatariya ta sauko har rumfa. Allah ya hore mata murya, ba a buƙatar kallon bakinta. Ta ja shi bayan bas ta tambaye shi abin da ya faru. Ta ce ita ta ɗora takardar 'yarsa a saman tarin da gangan. Darakta ya karanta a mota, ya bugo mata ya ce yanzu zai wuce unguwar ya gani da idonsa, ai ga direbansa ɗan unguwar, shi zai kai shi. Ita kuma ta kira lambar da ke ƙasan takardar. Malamar ta bar aji, ta tara tsofaffi da mata a bakin titi, sun yi awa biyu a tsaye cikin rana. A shekara huɗu, in ji Sakatariya, yau ne karon farko da mutumin nan ya ce a kai shi ya ga wani abu.

Lamba Ɗaya ya dubi takalminsa. Ya ce Darakta ne ya sauya shawara a hanya.

Sakatariya ta taɓe baki ta ce ita dama ba ta yi mamaki ba, ta koma sama. Ya san haka za ta ce. Duk wanda aka gaya wa a ma'aikatar nan haka zai ce, kuma ƙaryar za ta zauna daram har ya yi ritaya, babu mai taɓa ta.

Ya zaro wayarsa daga akwatin da ke tsakanin kujeru, mai shimfiɗar laushi, inda ko girgizarta ba a ji. Kira goma sha ɗaya. Ƙarƙashinsu saƙo guda daga 'yarsa: Baba, mun watse. Na ce musu shi ne ya fasa. Mama ta tafi layin rijiyar burtsatse.

Ya karanta sau biyu. Ba ta ce masa komai a kan kunne ba, kuma ya fi so da ta ce.

Mai shayi ya zo da kofuna, ya fara da shi kamar kullum. Ya karɓa ya riƙe har ya huce. Daga inda yake zaune yana hango jerin duka, tun daga sabuwar motar da ke sheƙi a inuwa har zuwa tanka, wadda Mai Tanka ke cika ta don ya kai gidan Darakta kafin magariba.

Ƙarfe biyar Darakta ya sauko za shi gida. Suka fita. A fitilar hanya ta farko ja ta tsayar da su, Lamba Ɗaya ya ja birkin hannu, abin da ba a yi a fitila, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. A shekara huɗu bai taɓa juyowa ba. A ransa ya riga ya ga takardar likitan, ya ga wani a kujerarsa, ya ga mai shayi ya wuce shi.

“Yallaɓai, ka gafarce ni. Ni fa ba na ji.”

Fuskar Darakta ta washe. Ya taso daga kishingiɗar, ya sunkuyo gaba, ya daki bayan kujera, ya kwarara masa a kunne kamar zamanin tsohuwar mota.

“Ni ma haka! Tun safe ban ji komai ba. Ai don haka aka saye ta.”

Ya koma ya kwanta yana dariya, ya danna maɓallin tausa, ya lumshe ido.

Fitila ta ba da hannu. Gidan Darakta hannun dama ake yi. Lamba Ɗaya ya saki birki, ya kunna sigina, ya yi hagu, hanyar unguwarsu.

Bayan kasuwa kwalta ta ƙare. Ya san kowane rami a hanyar nan, da ƙafa yake bin ta kullum da safe, amma yau bai kauce wa ko ɗaya ba, kuma motar ta haɗiye su duka. A madubi kan Darakta ko gezau bai yi ba. Suka wuce shagon mai walda, suka wuce famfon unguwa da awaki ke kwance a gindinsa, suka shiga lungun da da ƙyar faɗin motar ya shige.

Layin ya fara tun daga rijiyar burtsatsen, ya bi jikin katanga, ya karya kwana. Jarkoki ne rawaya da bokitai da robobin wanka, kowanne da mai shi a tsaye ko dutse a kai yana riƙe masa wuri. Can wajen tsakiya ya hango matarsa zaune a kan jarkarta, 'yarsu a tsaye kusa da ita, har yanzu da jakar makaranta a kafaɗa. Mutane suka fara juyowa.

Ya tafi a hankali har ƙarshen layin. Ya gyara tsayuwa sau biyu, yadda yake yi a rumfa, har hancin motar ya daidaita da bayan jarka ta ƙarshe. Ya kashe ta, ya duba allon gabansa ya tabbatar ta mutu. Sannan ya ɗora yatsunsa huɗu a kan maɓallan da ke jikin ƙofa, ya sauke gilasan gaba ɗaya.

Hayaniyar ta shigo, ta jarkoki da ta mata da ta injin rijiyar. Har shi ya ji ta.