Ba Daga Hannuna Ba

Laima. Baƙin tabarau. Buroshin haƙori. Dogon siket mai ruwan toka. Abin awon jini da na sauraren ƙirji. Gwangwanin garin da ake kaurara ruwa da shi saboda majinyatan da haɗiya ke ba su wahala. Ƙaramin cokalin roba. Abin da ke cikin jakata ke nan lokacin da bas ɗin ya bar babban titi ya kama hanyar Mount Hope.

Tun daga Columbus ake yayyafi. An girbe masara, gonaki sun koma laka da kututture. Jagorar tafiyar tana ta bayani ta lasifika: kada a ɗauki hoton fuskar Amish, Kiristocin nan masu gudun mota da lantarki, kada a taɓa dawakai, akwai bayan gida a shagon cuku.

Matar da ke gefena sunanta Doreen, ta yi ritaya daga gidan waya. Ta miƙo mini alewa.

"Kin taɓa zuwa?"

"Da daɗewa."

"Ni duk shekara sai na zo. Kai, mutanen nan sun huta! Ba waya, ba labarai, ba hayaniya. Dubi wancan wankin a kan igiya, kamar a hoto."

"Ruwa ne ke dukansa," na ce. "Sai an sake shi."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake.

Ina da mota. Amma motar da ta tsaya a ƙofar gidan mahaifina, Ura Keim, kafin injinta ya huce labari ya isa gidan bishop. Mutanen bas kuwa ba mai kallon fuskarsu. Na san haka, don ni ma na tsaya bayan kanta ina sayar musu da burodi, kuma ban taɓa riƙe fuskar ko ɗaya ba.

An yi mini baftisma ina budurwa. Bayan nan na tafi. Wanda ya tafi kafin baftisma ɗa ne da ya ɓata hanya, ana cin abinci da shi. Wanda ya tafi bayanta ya karya alkawari, sai a sa shi a Bann, wato a ware shi. Ba a zama tebur ɗaya da shi, ba a shiga motar da yake tuƙi, ba a karɓar komai daga hannunsa. Na yi karatu a Tucson, na zama nas a sashen masu shanyewar ɓarin jiki. Makon jiya ƙanwata Fronie ta je rumfar wayar da ke bakin hanya ta bar mini saƙo: Mamm, mahaifiyarmu, ta faɗi a ɗakin girki, ɓarin jikinta ya shanye, an kai ta asibiti, ta ƙi zama, an dawo da ita. Ba ta ce in zo ba. Ba ta ce kada in zo ba.

Mun fara tsayawa a shagon cuku. Kowa ya ɗanɗana, Doreen ta sayi iri uku. Daga nan sai kasuwar dawakai. Maza sun jeru a bakin shinge cikin baƙaƙen riguna, ruwa na ɗiga daga hulunansu, mai gwanjo na ta rattabo magana. Na hangi Crist Raber, maƙwabcinmu mai ɗinkin linzami. Gemunsa ya yi fari fat. Ya matsa gefe ya ba ni hanya, ya ce "Yi haƙuri, madam" da Turanci, idonsa na kan wata goɗiya. Shi ya koya mini ɗaura doki a karusa.

A shagon barguna wata mata daga bas ta tambayi mai ɗinkin ko gaskiya ne suna barin kuskure ɗaya da gangan a kowane bargo, don Allah kaɗai ne cikakke. Mai ɗinkin ta ce ita kuskurenta yana zuwa da kansa. Na fita waje na tsaya a ƙarƙashin laima.

Shagon Fronie ne na ƙarshe. Yana nan inda rumbun Dat, mahaifinmu, yake a da. Fitilun gas suna huci a rufi, ko'ina warin kirfa da jiƙaƙƙun riguna. 'Ya'yanta mata biyu suna naɗe kek, ita tana kanta. Ta yi ƙiba, fuskarta kuma ta rame. Na ɗauki burodi ɗaya na bi layi.

Ta miƙa wa Doreen canji a tafin hannu. Da layi ya zo kaina na ajiye kuɗin a kan kanta, na cire tabarau, na ce da yarenmu, "Burodin nan bai tashi ba."

Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba.

"Wanda bai kwaɓa ba shi ya fi iya magana," ta ce. Ta ɗauki kuɗin daga kan kanta, ta ajiye canji a wurin. Sai ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ina gashinki? Akuya ta cinye?"

"Ina Mamm?"

"Bi ta baya. Kuma ki rufe wandon nan da wani abu, don Allah."

Na zura siket a kan wando a ɗakin wanki, na tsallaka tsakar gida zuwa ƙaramin gidan tsofaffi da ke manne da babban. Fronie ta biyo ni tana goge hannu a gaban rigarta.

An sauko da gadon Mamm kusa da murhu. Tana kwance ɗai-ɗai, farar hularta ta karkace, bakinta ya ja gefen dama. Tun daga ƙofa na ji numfashinta. Na san wannan sautin.

"Mamm, ga likita ta iso," in ji Fronie. "Daga cikin masu kallo na tsinto ta."

Idon Mamm na hagu ya same ni. Hankalinta na nan garau, na gani nan take.

"Saloma," ta ce. Harshenta ya yi nauyi amma na ji.

Na zauna a bakin gado. Ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta riƙe. Taɓawa ba laifi ba ce. Ta shafa gashina, ta ce wani abu da ban gane ba.

"Cewa ta yi kin zama namiji," in ji Fronie.

Na saurari ƙirjinta. Ɓangaren dama ya fara tara ruwa. Na tambayi Fronie abin da take ba ta.

"Romon kaza. Shayi. Duk abin da na ba ta sai ta ƙware, ta yi ta tari har fuskarta ta canza. Yanzu da ta ga cokali take kau da kai."

"A kwance kike ba ta?"

"To a tsaye zan ba ta?"

"A zaune. Romon yana bin hanyar iska yana sauka a huhu."

"An faɗa mini a asibiti. Sun faɗi abu ɗari, da Turanci, ni kuma kek na cikin tanda."

Muka ɗaga Mamm, muka jera mata matasai. Na ɗebo romo daga tukunya, na zuba garin, na juya har ya yi kaurin kunu. Na gyara mata haɓa ta yi ƙasa kaɗan. Na ɗebi rabin cokali na kai gefen bakinta mai lafiya. Aikin da nake yi kullum ne, ga iyayen mutanen da ban sani ba.

Mamm ta dubi cokalin. Ta dubi hannuna. Ta rufe baki.

"Mamm, ba zai shaƙe ki ba. Na kaurara shi."

Ta girgiza kai.

"Ajiye," ta ce. "Tebur."

Na ajiye kwanon a kan tebur. Fronie ta ɗauka. Ta cika cokali ta tura da sauri, irin na uwa mai yara da yawa, Mamm ta ƙware. Muka jira tarin ya wuce. Ya ɗauki lokaci.

"Rabi," na ce. "Ki taɓa leɓenta, ki jira. Kada ki ƙara sai kin ga maƙogwaro ya motsa."

"Hannuna rawa yake. Tun asuba nake tsaye."

Na zagaya bayanta, na sa tafina a ƙarƙashin gwiwar hannunta. Ni nake ɗagawa, ni nake tsayarwa, cokali na hannun Fronie. Mamm ta haɗiye. Ta sake haɗiyewa. Ba tari. Mun kai wajen rabin kwano haka, ruwa na dukan kwanon rufi.

Sai idon Mamm ya sauka ƙasa, ya ga tafina. Ta juyar da kai ga bango.

"Wayo," ta ce.

"Hannun Fronie ne, Mamm."

"Allah yana gani." Ta huta, ta tattaro sauran maganar kalma-kalma. "In na karɓa, na taya ki ɓata. Ki durƙusa. Ki dawo. Zan ci duk abin da kika ba ni."

Ba da fushi ta faɗa ba. Hannunta na laluben wuyan hannuna lokacin da take faɗa.

Fronie ta ja ni ɗakin girki ta turo ƙofa. Ta jingina da bango, ta cire fil ɗaya daga ƙirjin rigarta ta mayar.

"Ki durƙusa mana," ta ce a hankali.

"Ban yarda da ko ɗaya daga cikin abin da zan faɗa ba."

"Wa ya tambaye ki? Kina zaton duk mai durƙusawa an buɗe ƙirjinsa an duba? Ki sa hula, ki sunkuyar da kai, ki ce kin yi wa Allah da jama'a laifi. Ke kika saurari ƙirjinta, ke za ki gaya mini ko za ta ga bazara. Bayan nan ki koma Tucson ɗinki."

"Su sake sa ni a Bann."

"Da can ina kike?"

"Ke da mijinki dikin ne a coci kike wannan magana?"

"Matar dikin da ba ta yi barci ba tun da aka dawo da ita." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke shaƙe ta da hannuna sau uku a rana. Ke kin iya, an hana ki. Ni an bar ni, ban iya ba. Ki yi mini dariya in kina so."

Ban yi ba.

Ƙofar waje ta buɗe, Mahlon ya shigo, mijinta, yana kakkaɓe hula. Dikin ne, shi ke kai saƙo tsakanin masu laifi da bishop. Da muna makaranta yakan ba ni rabin tuffarsa. Ya dube ni, ya dubi wandon da ke leƙowa ƙarƙashin siket.

"Saloma ta Ura," ya ce. "Yara suka ce wata 'yar bas ta zagi burodin uwarsu, na ce to na san ko wace ce."

"Sannu, Mahlon."

"Kin ga Mamm?"

"Na gan ta. In aka ci gaba da ba ta abinci haka, huhunta zai cika. Asibiti za su iya sa mata tiyo."

"Ta ce a'a. A gidanta take so." Ya rataye hular a ƙusa. "Kina iya kwana nan, ba wanda zai kore ki. Akwai ƙaramin tebur a kusurwa. Kina iya nuna wa Fronie."

"Na nuna. Mamm ta gane, ta ƙi."

"To." Ya shafa gemu. "Ba ni na kafa dokar ba, Saloma. Ba ni kuma zan rushe ba. Ko na kau da kai, ita ba za ta kau ba. Kin san uwarki."

Na san ta. Ita ta fara ajiye mini kwano a wancan ƙaramin teburin, tana kuka, ta kuma zuba mini naman da ya fi na kowa.

"In mutum ya zo ya ce zai dawo," na ce, "yaya ake yi yanzu?"

Ya dube ni da kyau. Fronie ta juya ta kama wanke kwanon da ba shi da datti.

"Yadda aka saba. Ki sa tufafinmu, ki rabu da waya da mota. Ki zo sujada ki zauna gaban dattawa, kanki a ƙasa. Ana yin makonni ana duba mutum. Sannan ki durƙusa gaban jama'a, bishop ya ba ki hannu ya tashe ki. Kafin ranar kina cikin Bann, ko da hula ko babu."

"Makonni."

"Ba a gaggauta shi." Ya dubi ƙofar ɗakin Mamm. "Za ta kai?"

"Ban sani ba. Wataƙila. In ta ji na fara, ƙila ta bar ni in riƙe gwiwar hannun Fronie."

"Kuma da zuciya ɗaya za ki yi?"

"Aikinka kai saƙo ne, Mahlon."

"Haka ne," ya ce. Bai ji daɗi ba. Bai kuma sake tambaya ba.

A waje bas ya danna ham. Daga ɗaya ɗakin Mamm ta fara tari, mai jiƙa, mai tsawo. Fronie ta ajiye kwanon ta tafi wajenta.

Na tuna ɗakina a Tucson, da aikin da zan koma ranar Litinin. Na tuna kalmomin da zan faɗa a gwiwa, gaban mutanen da suka san ni tun ina cikin zane. Ƙarya ce daga farko har ƙarshe. Mamm za ta ji ta, ta yarda, ta ci abinci. Ko kuma ta mutu ana tsakiyar duba ni, in yi ƙaryar a banza.

Ham ya sake tashi. Na fita baranda. Jagorar na tsaye a matakin bas, ta rufe kai da takarda, tana waige-waige. Fuskoki sun manne a gilasai.

"Madam! Ke kaɗai muke jira!"

"Ku tafi," na ɗaga murya. "Nan gidanmu ne."

Ta buɗe baki za ta yi magana. Na koma ciki na rufe ƙofa. Mahlon na tsaye inda na bar shi.

"Ka gaya wa bishop," na ce. "Zan durƙusa."