Makarar Inna Sahadatou

Alhaji Seydou mai kamiyo, wato manyan motocin kaya, ya ci hanyar mutane, kuma da gangan ya ci ta. A shekarun da aka koma jefa ƙuri'a a ƙasar Benin, bakin kowa ya buɗe a Kotonu, wasu kuma hannunsu ne ya yi tsawo. Seydou yana cikin masu dogon hannun. Motocinsa na kwasar shinkafa daga tashar jiragen ruwa zuwa iyakar Nijar. Da ya rasa wurin tara buhuna, sai ya sayi wani gida a bakin titi cikin Zango, ya gina mangaza ta ajiyar kaya, ya ja bangonta har ya cinye lungun da ke gefe.

Wanda bai san Zango ba zai ce ai lungu ne kawai. Fataken da suka kafa unguwar sun jera gidaje ne baya da baya, masu masaukin baƙi a bakin titi, sauran jama'a a ciki. Gidajen ciki ba su da mafita sai lungu. Ta nan mutum ke shiga, ta nan ruwan sama ke fita zuwa babbar kwata, domin Kotonu rairayi ne shimfiɗe tsakanin teku da tafki, ruwa ba ya samun gangara sai wadda aka bar masa. Tun zamanin kakanni kuwa ma'aunin lungu ɗaya ne: faɗin makara da masu ɗaukarta.

A ƙarshen lungun nan gidan Inna Sahadatou yake, tsohuwa mai tuwon sayarwa wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Masu tura amalanke na kasuwar Dantokpa a tsakar gidanta suke cin abincin rana. Seydou ya bar mata ’yar tsaga da mutum ke bi a karkace yana goga kafaɗa da bulo. Da damina ta sauka, ruwa ya kwanta a gidanta har ƙauri. Murhu ya jiƙe, bangon ɗakinta ya fara zubewa daga ƙasa.

Ta same shi a ƙofar mangaza ana sauke kaya.

“Alhaji, ka toshe ni.”

“Haba Inna, ga hanya nan na bar miki. Ko ƙiba kika yi?”

Masu lodi suka yi dariya.

“Ƙiba tana wurin mai cin na mutane,” in ji ta.

“Yanzu dimokuraɗiyya ake yi, Inna. Kowa da abinsa. In gidan ya ishe ki, sayar mini, ki koma Kalabi, bayan gari. Can fili har ya yi yawa.”

“A gidan nan aka binne cibiyata. Kai ka koma Kalabi da buhunanka.”

Nufinsa ke nan tun farko: ruwa ya kore ta, ya haɗe gidanta da nasa. Ta kai kuka wurin limamin unguwa, Malam Idrissou. Ya ce ta yi haƙuri, za a duba. Seydou ne ya yi wa masallaci rufin kwano, shi ya sa dubawar ta yi nauyi.

Ranar Juma'a ta aiki masu amalanke su aro mata makarar masallaci.

“Inna, wa ya rasu?”

“Ni ce, ban dai kammala ba. Ku je.”

A karkace suka shigar da makarar ta tsagar, tunda babu kowa a ciki. Sahadatou ta hau ta kwanta, ta lulluɓa da farin zane. Ana fitowa daga salla suka ɗauke ta, suka nufi titi. Da suka iso bangon mangaza, makara ta cije.

Musulmi ba ya ganin makara ya wuce. Nan da nan bakin lungu ya cika da masallata, ana salati, ana tambayar wa aka rasa. Masu ɗauka suka ja baya, suka sake gwadawa, katako ya goge siminti.

“Ku karkata ta mana!” in ji wani.

Sai zane ya yaye, tsohuwa ta tashi zaune.

“Wa za a karkata?”

Wasu suka arce har da barin takalma. Ita kuwa ta nemo liman da ido a cikin taron.

“Malam, ga ni. Na zo gwaji ne da raina. Ranar da ta Allah ta kasance, ta ina za ku fitar da ni? Ta kan katanga, kamar buhun gawayi?”

Seydou ya kutso yana huci. “Wannan wasa da mutuwa ne! Tsohuwa da ke, ba ki jin tsoron Allah?”

“Kai da ka gina wa masu rai kabari, kai ke jin tsoronsa?”

“Sauko, Inna, a yi magana,” in ji liman.

“Na ji maganarku tun farkon damina. Ba na sauka sai ta wuce da ni a miƙe.”

Ta koma ta kwanta, ta ja zanenta.

Liman ya dubi dattawan da ke tsaye. Yawancinsu a gidajen ciki suke, kowanne da lungunsa da maƙwabcinsa mai kuɗi a bakin titi.

“Alhaji,” in ji liman, “gida ka saya. Lungu na unguwa ne, ba a sayar maka da shi ba.”

Aka kawo guduma, aka miƙa wa Seydou, shi ya fara dukan bangonsa a gaban jama'a. Kafin la'asar makara ta wuce da Sahadatou a kwance har bakin titi. Aka ɗora masa haƙa kwata daga ƙofarta zuwa babbar kwata, da gyaran bangon ɗakinta. Aka cire shi daga majalisar dattawan masallaci, masu amalanke kuma suka daina ɗaukar kayansa.